Gyaran Lafazin Ingilishi a Damagaram: Buƙatar Aiki ce ko Kwaikwayon Bature?

A shekarar 1855 wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya sauka a Ingila tare da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Barth ya ƙetare hamada da teku. A Ingila ya zauna wajen wani limamin Kirista, J. F. Schön, yana koyon Ingilishi, shi kuma yana koya wa mai masaukinsa Hausa. Labarin rayuwarsa da ya faɗa Schön ya rubuta ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Da ya dawo ya yi aikin tafinta, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Shi da Schön mutum biyu ne a gida ɗaya, kowa na gyara wa ɗan'uwansa baki.

Shekara 170 bayan wannan tafiya, a watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ga ɗan Zinder da ya yi karatunsa kaf da Faransanci, tun daga lakwal har jami'a, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A nan, idan dattijo ya ce wane yana jin Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Ingilishi darasi ne da ake farawa a ajin farko na kwaleji, a yi ta jan sa har zuwa jarrabawar BAC.

Amma buƙatarsa ta riga kundin zuwa. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na Sin, tana arewa da gari a kan hanyar Tanut, kuma harkar mai a ko'ina cikin duniya Ingilishi ne ya mamaye takardunta da sunayen injunanta. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, da ma'aikata daga ƙasashe iri-iri. Ɗalibai na neman gurbin karatu a Najeriya da Gana da Indiya da Turkiyya. A Maraɗi akwai Jami'ar Maryam Abacha, wadda aka kafa a 2013. 'Yan kasuwa na sayo kaya daga Dubai da Sin. Duk waɗannan mutane sun ɗanɗana abu ɗaya: shekara bakwai na darasin Ingilishi a gaban allo na iya fitar da mutumin da zai karanta rahoto ya gane, ya rubuta wasiƙa babu kuskure, amma da zarar an kira shi a waya sai baki ya yi nauyi. Ya faɗi magana, a ce ya maimaita. Ya maimaita, a sake cewa ya maimaita. A karo na uku sai ya yi shiru.

Daga nan muhawarar ta taso. Shin ya kamata ma'aikaci, likita ne ko injiniya ko akanta, ya kashe kuɗi da lokaci wajen malamin da zai gyara masa lafazi? Ko kuwa hakan sabuwar hanya ce ta raina kai?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko daga wurin aiki take fitowa. A Ingilishi, sha biyar da hamsin, wato fifteen da fifty, bambancinsu a kunne ya dogara ne ga gaɓar da aka danna wa nauyi da kuma ɗan sautin ƙarshe. Haka thirteen da thirty. A hira ta yau da kullum, idan an ruɗe sai a yi dariya a wuce. Amma ma'aikacin jinya da ke karanta wa likita baƙo adadin magani ta waya, ko ɗan kasuwa da ke yanke farashi da dillali a Dubai, ba shi da wannan sararin.

Sun kuma ce matsalar ɗan Damagaram ninki biyu ce, domin harsuna biyu ne ke jan bakinsa. Hausa ba ta raba p da f. Shi ya sa pencil ya zama fensir, passenger ya zama fasinja, kuma a sassa da yawa na Nijar f ɗin ma kan koma h, a ce tahi maimakon tafi. To a Ingilishi pull da full kalmomi biyu ne: ɗaya a ja, ɗaya ya cika. Hausa ba ta da v, sai a mayar da shi b. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakaninsu, shi ya sa bread ya koma burodi. Faransanci kuma ya zo da nasa. Yana haɗiye h, har heat da eat su zama abu ɗaya, hungry da angry su rikice. Yana ɗora nauyi a gaɓar ƙarshe, alhali Ingilishi na yawo da nauyin daga kalma zuwa kalma. Kalmomi irin su information da important a rubuce kusan ɗaya suke a harsunan biyu, don haka ido na ganinsu baki zai fito da su da Faransanci, mai sauraro kuwa ya kasa gane kalmar da ya sani sarai.

Waɗannan, in ji su, abubuwa ne ƙididdigaggu, kuma ana koyonsu. Wanda ya taɓa zama a irin wannan aji ya san yadda abin yake. Malam zai yago takarda ya ce wa ɗalibi ya riƙe ta dab da leɓɓansa. Ya ce a rufe leɓɓa gam, a tara iska, a sake ta lokaci ɗaya: takardar za ta yi tsalle, wannan shi ne p. Sannan a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura a hankali: takardar za ta ɗan karkata kawai, wannan shi ne f. Babban mutum mai iyali, wanda ya shekara ashirin yana aiki, zai zauna yana hura takarda kamar yaro, da farko da kunya, daga baya da murna idan ya ji bambancin da kunnensa. Masu goyon baya na cewa babu abin raini a nan. Gyara ne irin na kowace sana'a.

Martanin masu adawa

Su kuma tambayarsu ta farko ita ce: da wa ɗan Zinder zai yi magana? Kano na da nisan kilomita wajen 240, kuma cinikin da ake yi tsakanin Kasuwar Dole da kasuwannin Kano, ko a Maigatari da Daura, da Hausa ake yin sa tun kafin Bature ya ja iyaka. Wanda zai yi Ingilishi da shi a wurin aiki galibi ɗan Sin ne, ko Ba'indiye, ko Baturke, ko ɗan Najeriya daga kudu, kowa da nasa karin harshen. Masanin harshe David Crystal ya daɗe da ƙiyasta cewa masu amfani da Ingilishi a matsayin harshe na biyu sun ninka waɗanda aka haifa da shi wajen sau uku. To don me za a ɗora wa mutum lafazin Landan, alhali ɗan Landan ɗin ba ya cikin ɗakin taron?

Hujjarsu ta biyu tana da ɗaci, domin daga tarihi take. Zinder ce hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926. A makarantun wancan tsari, da ma bayan samun 'yanci, akwai abin da ake kira sambol: wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, ya yi ta yawo da shi har sai ya kama wani. Dattawa da yawa ba su manta ba. Ba su manta da yadda ake auna wayewar mutum da kusancin Faransancinsa da na Faris ba, da yadda ake yi wa wanda Hausa ta fito a bakinsa dariya. Masu adawa na ganin bai dace ba a ce a shekarar da Hausa ta zama harshen ƙasa, a shekarar ce kuma za a fara koya wa mutane jin kunyar Hausar da ke cikin Ingilishinsu.

Sai batun fifiko. Jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyan uku da rabi, a ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai huɗu cikin goma ba. A wurin da yara ke karatu a runfunan zana, in ji su, maganar goge lafazi magana ce ta 'yan tsiraru masu hali, kuma za ta ƙara faɗin ramin da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a gaban masu ɗaukar aiki.

Masu goyon baya sun dawo

Suna amsawa da cewa ramin yana nan ko an koyar ko ba a koyar ba, kuma rufe ido ba zai cike shi ba. Jarrabawar IELTS, wadda jami'o'i da yawa ke nema kafin su karɓi ɗalibi, tana auna magana da ma'auni huɗu, lafazi na ɗaya daga ciki. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da masu ba su umarni daga hasumiya a hanyoyin ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu a Ingilishi tun daga 2008, kuma lafazi na cikin abubuwa shida da ake dubawa. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Shiri Lev-Ari da Boaz Keysar, sun sa mutane sauraron gajerun bayanai, suka gano cewa masu sauraro sun fi shakkar gaskiyar bayanin idan mai faɗinsa na da baƙon lafazi. Ba adalci ba ne, in ji masu goyon baya, amma wanda ke neman aiki yau ba zai jira duniya ta gyaru ba.

Suna kuma da misali na gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauci, wanda ya yi Kwalejin Katsina sannan ya yi karatu a Landan, ya yi suna a duniya da daɗin Ingilishinsa har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Wannan bai rage masa Hausa ba. Shi ne ya rubuta Shaihu Umar.

Hujjarsu da ta fi shiga zuciya, a ganin mai wannan rubutu, ita ce ta tajwidi. Damagaram garin malamai ne da alarammomi. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san cewa gyaran baki ba baƙon abu ba ne a nan: a nuna maka inda harafi ke fita, daga maƙoshi ko gefen harshe ko leɓe, ka yi ta maimaitawa har ya zauna. Babu wanda ya taɓa cewa mai koyon mafitar haruffa yana raina Hausarsa. Abin sha'awa ma, sautuka biyu da Ingilishi ke rubutawa da th, waɗanda ke ba masu Faransanci wahala ƙwarai, su ne ث da ذ na Larabci. Wanda ya yi tajwidi yana da su a bakinsa tuntuni, sai dai ba a taɓa gaya masa ba.

Masu adawa ba su sauka ba

Sun ce kwatancen tajwidi ya yi kyau amma ya kauce. Alƙur'ani yana da ƙa'idar karatu da aka gada baki da baki, kuma ibada ce. Ingilishi ba shi da alƙibla ɗaya. Ɗan Glasgow da ɗan Texas da ɗan Legas da ɗan Mumbai duk Ingilishi suke yi, kuma wani lokaci su ma sai sun sake tambayar juna. Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabantar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2021 da lafazinta na Najeriya. Kofi Annan ya shekara goma yana jagorantar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ana jin Gana a muryarsa.

Game da binciken Chicago, sun nuna cewa wasu da suka maimaita irin gwajin ba su sami sakamako iri ɗaya ba. Sannan suka kawo nasu. A 1992 Donald Rubin ya sa ɗaliban jami'a a Amurka sauraron lacca da aka naɗa da muryar wata Ba'amurkiya. Wasu aka nuna musu hoton Baturiya a matsayin mai maganar, wasu aka nuna musu hoton 'yar Asiya. Murya ɗaya ce, faifai ɗaya. Amma waɗanda suka ga hoton 'yar Asiya sun ce sun ji baƙon lafazi, kuma sun fi kasa amsa tambayoyi kan abin da aka faɗa. Ma'ana, wani ɓangare na rashin fahimtar a kunnen mai sauraro yake, kuma babu darasin da mai magana zai biya ya cire wannan.

Suna ƙarawa da abin da kowa ya gani da idonsa. Bature ya zo Zinder ya koyi Hausa, ya kasa raba kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ya birkita karin sauti gaba ɗaya, amma mutane su yi ta yaba masa, su kasa kunne, su cike masa abin da ya rage. Me ya sa wannan haƙurin ba ya dawowa? Suna kuma tsoron abin da ya bazu a wasu makarantun kuɗi na Najeriya, inda ake biyan kuɗi na musamman don a koya wa yara lanƙwasa harshe irin na Birtaniya, yaro ya fito da murya mai daɗi amma ya kasa rubuta sakin layi ɗaya mai ma'ana. Babbar cutar ma'aikacin Damagaram, in ji su, ita ce tsoron buɗe baki, kuma malamin da ke tsayar da shi a kowace kalma ƙara masa tsoron yake yi.

Idan aka tankaɗe

Da aka zuba hujjojin a faifai, abu na farko da ya bayyana shi ne ɓangarorin biyu sau da yawa ba magana ɗaya suke yi ba. Murray Munro da Tracey Derwing, masu bincike a Kanada, sun nuna tun 1995 cewa nauyin baƙon lafazi daban, fahimtuwar magana daban. Mutum na iya yin Ingilishi da kowa zai gane daga ina ya fito, kuma a fahimci kowace kalma tasa. Masu goyon baya sun fi ƙarfi idan suna maganar fahimta. Masu adawa sun fi ƙarfi idan suna maganar kwaikwayo.

Jennifer Jenkins ta ƙara fayyace batun a littafinta na shekarar 2000, bayan ta bibiyi wuraren da magana ke lalacewa tsakanin mutanen da dukkansu Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne. Ta gano cewa yawancin baƙaƙe suna da muhimmanci, haka bambancin dogon wasali da gajere, haka tarin baƙaƙe a farkon kalma, haka kalmar da aka danna wa nauyi a cikin jimla. Amma sautin th, wanda malamai ke ɓata makonni a kansa, ba kasafai yake hana fahimta ba. Ƙa'idar ICAO ma, wadda masu goyon baya suka kafa hujja da ita, ba ta ce matuƙi ya zama ɗan Ingila ba; ta yarda da lafazin da harshen uwa ya yi wa tasiri muddin ba ya yawan hana ganewa.

Wannan labari ne mai daɗi ga Bahaushe, kuma ba a cika faɗa masa ba. Yana da h, wanda Bafaranshe ba shi da shi. Yana raba dogon wasali da gajere tun yana goye, shi ya sa fari na farawa da fari na launi ba sa rikita shi, kuma wannan kunnen zai taimaka masa wajen live da leave. Harshensa na karin sauti ne, don haka hawa da saukar murya ba sa wuce shi. Abin da ya rage masa na gaske kaɗan ne: p da f, v da b, tarin baƙaƙe, da cire rigar Faransanci daga kalmomin da suka yi kama.

Shin darasin na aiki? Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara sakamakon bincike 86, ya nuna cewa koyar da lafazi yana kawo ci gaba a fili. Sai dai yawancin gwaje-gwajen sun auna ɗalibi ne yana karanta kalmomi ko jimlolin da aka shirya, wanda ya bambanta da tsayuwa gaban taro ana jefo maka tambayoyi. Kuma masana sun yi ittifaƙi cewa da wuya wanda ya fara koyon harshe bayan ya girma ya koma kamar ɗan asali. Duk malamin da ya yi alkawarin mayar da injiniya mai shekara arba'in ɗan Landan cikin wata uku yana sayar da abin da ba shi da shi.

Akwai wuraren da hujja ba ta yanke hukunci ba. Na farko, ko ya dace mutum ya matsar da lafazinsa kusa da na Bature don kawai ya san mai ɗaukar aiki na da son zuciya. Wani zai ce dabarar rayuwa ce, kuma iyalinsa ne za su ci amfanin albashin. Wani zai ce duk wanda ya yi haka ya ƙara wa son zuciyar ƙarfi a kan na bayansa. Dukansu suna da gaskiya gwargwado, kuma wanda ke da aiki a hannu bai kamata ya yi saurin hukunta wanda ke nema ba. Na biyu, wa zai biya. Idan aka bar abin ga darussan kuɗi da manhajojin waya masu cin intanet, tsoron masu adawa zai tabbata. Idan aka shigar da shi cikin horon malaman Ingilishi na kwaleji da lise, da waɗanda ke fitowa daga Jami'ar André Salifou, zai isa ga ɗan Birni da ɗan Zango da ɗan Mirriya ba tare da an tambayi aljihun ubansa ba. Na uku, wane Ingilishi za a ɗauka a matsayin madubi a Nijar: na Birtaniya da ke cikin littattafai, na Amurka da ke cikin waya, ko na Najeriya da Gana da ke maƙwabtaka. Kundin 2025 ya ce Ingilishi harshen aiki ne, bai ce na wa ba.

Ga ma'aikacin da ke tunanin biyan kuɗin irin wannan darasi, akwai gwajin da zai iya yi kafin ya fitar da ko dala. Ya naɗi muryarsa a waya yana bayanin aikinsa na minti biyu, har da lambobi da sunayen kayan aiki, ya tura wa mutum biyu ko uku irin waɗanda yake hulɗa da su da Ingilishi, ya roƙe su su rubuto masa kalmomin da ba su gane ba. Wannan jerin shi zai kai wa malam, ya tambaye shi ta yaya zai gyara su da kuma cikin mako nawa.